Sawun Ɗingishi a Ɗakin Ɗinya

Da rana tsaka aka gane cewa sarƙar ta ɓace, kuma kafin Maƙeri, mai kantin zinariya, ya gama zazzage aljihun teburinsa, mutanen layin sun riga sun yi bincike, sun yi shari'a, sun yanke hukunci. Abin da ya rage musu shi ne su kamo mai laifin. Wannan kuwa bai ba su wahala ba, domin mutumin da suka zaɓa ba ya iya gudu.

Sarƙar ta zinariya ce, tsohuwar ƙira, mallakar wata dattijuwa da ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Mama Nas. Daga mahaifiyarta ta gaje ta. Maɗaurinta ne ya lalace, ta kawo wa Maƙeri gyara, shi kuma ya ajiye ta a aljihun teburin aikinsa a ɗakin ciki, saboda an kwashe akwatin ƙarfensa zuwa gida tun da aka fara fentin kantin. Da safe ya kai matarsa asibitin ido. Da ya dawo ya tarar an ɓalle aljihun.

Wanda aka kama shi ne mai fentin. Malamin Zane ake ce masa, ko Malam a taƙaice, domin ya daɗe yana koyar da zane a makarantar sakandare kafin haɗarin mota ya lalata masa ƙafar hagu, ya koma ƙawata kantuna da ofisoshi. Shi ke riƙe da mabuɗin ƙofar baya. Ya ce tun da hantsi ya gama shafin ƙarshe, ya tuɓe takalman aikinsa a dokin ƙofa kamar kullum, ya tafi kasuwa sayen buroshi. Amma bayan lokacin da ya ambata ne motar magina ta sauke siminti a lungun baya, ƙura ta lulluɓe ƙasa, kuma a kan wannan ƙurar ga sawun takalmansa nan raɗau, da jan ƙafar nan tasa da kowa ya sani. Yana dawowa suka yi masa ca, suka yaga masa riga, suka kulle shi a ɗakin mai gadi.

*

Mama Nas ce ta kira ƙanenta a waya. Shi ne Mai Sawu, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun mafarautan sata da na giwayen da suka ɓalle cikin gonaki. Ba ɗan sanda ba ne, bai kuma taɓa da'awar haka ba. Idonsa dai ya saba karanta ƙasa kamar yadda wasu ke karanta jarida, ya kuma fi yarda da ita, domin a cewarsa ƙasa ba ta da dangi.

Ya tarar da taro a ƙarƙashin doguwar rumfar kwano da ta haɗa kantunan layin. Abin da ya fara gani shi ne sandar Malam a hannun telan layin, yana nuni da ita yana ba da labari. Mai Sawu ya nufe shi kai tsaye.

"Ba ni sandar nan," in ji shi.

"Baba, ai shaida ce."

"Shaidar me? Shaidar cewa in kun taru kuna iya ƙwace sandar mai ƙafa ɗaya?"

Tela ya miƙa ta, yana duban ƙasa.

Maƙeri ya matso, waya a hannunsa, gumi na zuba daga goshinsa. "Baba, amanar yayarka ce aka ci a hannuna. 'Yan sanda zan kira. Wallahi ko ɗana ne ya yi wannan sai ya kwana a hannunsu."

"Na ji rantsuwarka, zan kuma riƙe maka ita," in ji Mai Sawu. "Ka ba ni zuwa la'asar."

Sai wani dogon mutum ya sa baki, sanye da baƙar kwat duk da zafin da ake yi, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Auta ke nan, ƙanen matar Maƙeri, mai kantin madubai da farin silin a ƙarshen layin.

"Baba, biri fa ya yi kama da mutum. Tun ranar da ya shafa wa kantin Yaya baƙin fenti na ce wannan ba alheri ba ne. Wa ya taɓa ganin kantin zinariya kamar kabari? Ashe duhu yake haɗawa ya yi aikinsa a ciki."

Taron ya yi dariya. Mama Nas, wadda ke zaune a benci da jakarta a cinya, ba ta yi ba. "Ni mai kayan ban ce shi ba ne," ta ce. "Ɗan'uwa, je ka duba."

*

Ƙwan lantarki guda ne a ɗakin ciki, mai rawayan haske, kuma a ƙarƙashinsa bangon baƙi ne ƙirin, kamar yadda Auta ya faɗa. Mai Sawu ya bi siririn lungun da ya haɗa ɗakin da ƙofar baya, ya tura ƙofar. Hasken rana ya faɗo ciki, sai bangon ya canja a gaban idonsa. Ashe ba baƙi ba ne. Shunayya ce mai tsananin duhu, irin ta fatar nunanniyar ɗinya idan aka ɗaga ta sama, baƙi daga nesa, amma da wani ja da shuɗi kwance can cikin zurfinsa.

Ya tsaya yana kallo fiye da yadda aikinsa ya buƙata. A nan ne ya ga tabon. A gefen dama na lungun, inda fentin safiyar bai gama bushewa ba, wani abu ya gogi bangon ya kwashe sheƙinsa. Ya kusanto da fuskarsa. Tambarin yadi ne mai santsi, da layin ɗinki a tsakiya. Ya jingina kansa kusa da wurin don ya gwada tsayi, sai ya ga tabon ya kai masa kunne. Malam kuwa gajere ne, ko da bai taɓa karyewa ba kafaɗarsa ba za ta kai nan ba.

A waje ya durƙusa. Sawun ya tashi daga dokin ƙofa zuwa 'yar rumfar da Malam ke ajiye gwangwanayen fenti, ya dawo. Ƙafar hagu tana ja, gaskiya ne, amma ja ne na mai kwaikwayo, wani wuri dogo, wani wuri gajere, alhali mai ɗingishin gaske ba ya canja waƙa. Nauyin duk yana kan yatsu, kamar na wanda takalmi ya matse. A gefen lambatu kuma, inda kankare ya ɗan yi tudu a jikin bango, ga ɗan gogen takalmi mai sulɓin ƙasa, na wanda ya lallaɓo ta nan don kada ya taka ƙura. Sannan ga abin da babu: ko ɗigo ɗaya na bakin sanda.

*

Mai gadi ya buɗe masa ɗakin ba da son ransa ba. Malam na zaune a kan wani tsohon buhu, leɓensa a kumbure, yana riƙe da yagaggen gefen rigarsa don ya rufe ƙirjinsa. Mai Sawu ya ajiye masa sandar a cinya. Malam ya shafa ta.

"Malam, kana iya zuwa rumfar gwangwanaye ba sanda?"

"Ina iyawa, in akwai wanda zai ɗaga ni sau biyu a hanya."

"Wane bango ka shafa yau?"

"Na lungun ƙofar baya kaɗai. Sauran sun bushe tun shekaranjiya."

"Suna cewa baƙi ka shafa."

A nan ne idon Malam ya kawo wuta, abin da duka bai sa shi ya yi ba. "Ba baƙi ba ne. Shuɗi mai zurfi na haɗa da ja mai duhu, na ɗiga baƙi kaɗan, na sa mata suna Ɗinya. Ka duba, Baba, farin bango da madubi ƙwace wa zinariya haske suke yi, ido ya shigo ya rasa inda zai sauka. Baƙi ƙirin kuma kashe ɗaki yake. Wannan kuwa ja da baya take yi, ta yi shiru, ta bar zinariya ta yi magana, domin rawaya da shunayya masu fuskantar juna ne a da'irar launuka, kowanne na fito da ɗan'uwansa. Launi ne mai nauyi, ba a cika shi ko'ina. Bango biyu da lungu, sai silin mai haske, sai katako mai ruwan zuma. Ina jiran a sa fararen fitilu su gani. Ba su jira ba."

Ya kamata a faɗi a nan cewa launin da mutanen layin suka kira na kabari yana da tarihin da ya fi na layinsu tsawo. Mutanen birnin Sur, a gaɓar Bahar Rum, daga jikin wata katantanwar teku suke tatso shunayya, kuma sai an fasa dubbai kafin a sami abin da zai rina ɗan ƙyalle. Saboda tsadarta sarakunan Rumawa suka keɓe mafi kyawunta ga kansu da doka. Talaka bai sami damar sa ta cikin sauƙi ba sai bayan shekarar alif da ɗari takwas da hamsin da shida, lokacin da wani ɗalibin kimiyya a Landan, yana neman haɗa kwinin, ya yi kuskuren da ya haifar da rinin shunayya na farko da aka haɗa a ɗakin gwaji. Abin da dā ake hukunta talaka don ya sa, shi ne yau aka fasa wa mutum baki don ya kawo wa talaka.

"Wa ke jin haushin aikin nan?" in ji Mai Sawu.

Malam ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da bai kumbura ba. "Ni zargi ya kawo ni ɗakin nan, Baba. Ba zan aika wani ta hanyar da na zo ba."

*

Mai Sawu bai gama rufe ƙofar ba ya ji hayaniya. An kwaso gwangwanayen Malam daga lungu an jere su a ƙarƙashin rumfar gaba, Auta na tsaye a kansu yana ba da umarni.

"Ku bar na farin, ɓata lokaci ne. A buɗe na baƙin."

Tela ya sa sukudireba ya ɓalle murfin, ya zura sanda ya juya. Wani abu ya yi ƙara a gindin gwangwanin. Da ya ɗago, ga sarƙar nan tana ɗiga.

Layin ya ruɗe. Wani ya ce a fito da shi, wani ya ce dā ma idonsa bai yi kama da na mai gaskiya ba, wata mai sayar da katin waya ta ce ita ma ta taɓa neman canjinta ta rasa ranar da ya wuce. Maƙeri ya ɗaga waya.

Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin mai gadi, ya harɗe hannuwa. Ransa ya ɓaci har muryarsa ta yi sanyi. "La'asar ka ba ni, kuma ba ta yi ba. Duk wanda zai shiga ɗakin nan sai ya fara yaga tawa rigar."

"Haba Baba," in ji Auta, "an kama kaza da ƙwai a baki, kana cewa a jira?"

"Kare ake kamawa da ƙwai a baki, ɗana. Kaza nata ne." Ya dube shi. "Ka iya zaɓen gwangwani."

"Hankali ne kawai. Ina ɓarawo zai ɓoye abu in ba cikin duhu ba?"

Mama Nas ta karɓi sarƙar a cikin tsumma, ta naɗe, ta riƙe. Ta ce, "A jira ɗan'uwana."

*

Da Mai Sawu ya fara tambayar dogayen layin, mai kemis ne ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa in dogon mutum yake nema, ya dubi mai gyaran wuta, wanda ake tsokana da Injiniya, domin ya yi aiki a kantin, kuma rigarsa duk fenti ce.

Ya sami Injiniya a gindin tsani yana naɗe waya. Dogo ne kuwa, rigar aikinsa da tabon shunayya a gwiwar hannu da ciki. Mai Sawu ya kama yadin ya murza. Kaki ne mai kaushi, tabon kuma ya bushe har yana farfashewa.

"Na shekaranjiya ne, Baba," in ji Injiniya yana dariya. "In ni kake nema, tun safe ina kan rufin mai kemis ina ɗaura masa sola. Shi da ya turo ka ai shi ke ƙasa yana ce mini in yi hankali da kwanonsa, ba da wuyana ba."

"Ga shi a rigarka shunayya ce. Me ya sa kowa ke cewa baƙi?"

"Ƙwan lantarki ne. Rawayan haskensa yana cinye shuɗin da ke cikinta, sai ta koma baƙi. Duk layin nan irinsa suke sawa. Wanda ya fi kowa ma Auta, ya ce yana sa fuskar mai saye ta yi kyau a madubi. Ni na jera masa su."

Mai Sawu ya dubi doguwar rumfar da ta rufe layin daga farko har ƙarshe, babu inda rana ke ratsawa.

*

Kantin Auta kamar cikin kwalba yake, madubi hagu, madubi dama, mutum ɗaya ya shiga ya zama taro. Auta ya tarbe shi da fara'a, ya jawo masa kujera.

"Ka daɗe kana yi wa yayanka Maƙeri aiki?"

"Tun da ya auri yayata. Kowane gyara na kantinsa ni ne. Sai bana aka ce wai an waye."

"Da safe kana ina?"

"Na leƙa gidansu na duba jikin yayata kafin su tafi asibiti, na dawo nan. Ban fita ba. Ni da rana ba ma shiri, Baba, fatata ba ta so."

Yana magana yana gyara wuyan kwat, yana duban kansa ta gaba da ta baya. Mai Sawu ma ya duba, a cikin madubai da yawa, ta kowane gefe. Kwat ɗin baƙa ce wuluk, babu ko ɗigo. Amma da Auta ya juya zai ɗauko masa ruwa, sai ya ga kamar bayan kafaɗar dama bai kama haske kamar sauran yadin ba. Kamar ne kawai, kuma da kamar aka fasa bakin Malam. Ya miƙe, ya yi godiya, ya fita ya dubi sama. Rana ta karkata, amma da sauranta.

*

Tsallaken titi akwai filin ajiye motoci, babu rumfa, babu bishiya. Nan Mai Sawu ya ce a taru. Aka fito da Malam, yana dogara sandarsa, Mama Nas ta yafa masa mayafinta a kan yagaggiyar rigar. Auta ya tsaya a bakin rumfa ya ce daga nan ma yana ji.

"Taso, ɗana," in ji Mai Sawu. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ka fi kowa ƙoƙari yau, bai kamata a ƙare ba kai ba."

Mutane suka yi dariya suka jawo shi.

"Malam, taka daga nan zuwa can." Malam ya taka a kan rairayin filin. "Ku duba ƙasa. Ƙafa, ja, ɗigon sanda. Ƙafa, ja, ɗigon sanda. Wanda ya ga ɗigon sanda a lungun baya ya ɗaga hannu."

Babu wanda ya ɗaga.

"Ai yana iya ajiye sandar," in ji tela, amma muryarsa ta rage ƙarfi.

"Yana iyawa, kamar yadda kai kake iya ɗinki ba zare. To a bar wannan. Wanda ya shiga ya lallaɓo ta gefen lambatu, ya sa takalman Malam da suka yi masa kaɗan, ya buɗe ƙofa da mabuɗi. Maƙeri, mabuɗin ƙofar baya guda nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a hannun Malam, ɗaya a rataye a gida." Ya faɗi kalmar ƙarshe a hankali.

"Ya ɗauki sarƙa. Da zai fito, lungu ga duhu, takalmi ga matsi, ya yi tangaɗi, kafaɗarsa ta dama ta gogi bangon da aka shafa yau. Na tabbata ya duba jikinsa daga baya, ya duba da kyau, bai ga komai ba, domin shi ma ya yarda da abin da yake gaya wa mutane, cewa fentin baƙi ne. Baƙi a kan baƙi kuwa wa zai gani? Dogayen cikinku su juya wa rana baya."

Injiniya ya juya yana dariya. Mai kemis ya juya. Mai gadi ma, ko da yake ba dogo ba ne, ya juya. Auta ya sa hannu zai tuɓe kwat ɗin, yana cewa zafi ya yi yawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Injiniya ya riƙe masa hannu, ya juya shi a hankali.

Rana ta sauka a kan baƙin yadin. A bayan kafaɗar dama, daidai kan layin ɗinki, ga tabo nan kamar faɗin tafin hannu, shunayya mai zurfi tana ƙyalli kamar fatar ɗinya. Mai Sawu ya dangwala yatsa, ya ɗaga. Fentin bai gama bushewa ba.



"Ba sata na yi ba," in ji Auta. "Ai ga sarƙar nan, ba a rasa ta ba. Kantin mijin yayata ne, a kawo bare ya mai da ni abin dariya? Mai kemis ma ya soke aikina, wai irin na Malam yake so. So na yi kawai a gane..."

"A gane me?" in ji Mama Nas. 

*

Sai Maƙeri ya matso kusa da Mai Sawu, ya sassauta murya. Wayar da ya wuni yana ɗagawa ta riga ta koma aljihu.

"Baba, tunda kaya sun fito, mu shiga ciki. Maganar gida ce. A rufa asiri, saboda yayarsa ba ta da lafiya."

Nan da nan wasu suka kama. Tela ya ce ai ɗan Adam ajizi ne. Mai kemis ya ce sharrin Shaiɗan ne, a yi haƙuri. Mai sayar da kati ta tuna cewa canjin nan nata a cikin jaka ta same shi.

Mai Sawu ya ji duk ɓacin ran wunin ya taru masa wuri guda. Bai ɗaga murya ba, amma har na bakin titi sun ji shi.

"Da kuka yaga rigar Malam, a ciki kuka yi? Da kuka ƙwace masa sanda, ba ɗan Adam ba ne a lokacin? Shi ba shi da asirin da za a rufa, ba shi da iyalin da za su ji? Da rana tsaka Shaiɗan bai zo layin nan ba, sai yanzu da laifi ya faɗa kan mai kwat? Maƙeri, ka rantse ko ɗanka ne sai ya kwana a hannun hukuma. Na ce zan riƙe maka rantsuwar. Ga ta nan."

Maƙeri ya sunkuyar da kai, hannunsa bai koma aljihu ba. Mama Nas ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta buɗe jakarta, ta ciro tata wayar, ta gyara tabarau.

"Sarƙar tawa ce," ta ce. "Ni zan kira."

Kafin motar 'yan sanda ta iso, mutanen layin suka bi ɗaya bayan ɗaya suna ba Malam haƙuri, a filin, a gaban kowa, domin Mai Sawu ya tsaya a kan cewa inda aka zubar da mutunci nan ake kwashe shi. Malam ya saurare su duka. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya mayar wa Mama Nas mayafinta, ya tafi da yagaggiyar rigarsa a buɗe, ya bi tsakiyar layin a hankali don kowa ya gani.

*

Bayan kwanaki Mai Sawu ya raka yayarsa karɓar sarƙar, an wanke ta, an gyara maɗaurin. Injiniya ya riga ya ɗaura fararen fitilu. Suna shiga Mama Nas ta tsaya cak. Bangon ya ja da baya ya yi shiru, kamar yadda Malam ya faɗa, zinariyar da ke cikin gilashi kuma sai ka ce daga cikinta hasken ke fitowa. Har tela ya leƙo yana cewa shi dā ma ya san launin na manya ne.

Malam na lungun baya yana haɗa kayansa. Tabon na nan a bango, kuma a ƙarƙashin farar fitila ba ya ɓuya: ga shacin kafaɗa, ga layin ɗinki.

"Malam," in ji Maƙeri, yana murza hannuwa, "don Allah kafin ka tafi a ɗan shafe wurin nan. Na kira wani mai fenti ya gwada haɗawa, sau ɗaya ta fito baƙi, sau ɗaya kamar rinin yara. Duk wanda ya leƙo sai ya tambaya."

"In sun tambaya ka gaya musu," in ji Malam. Ya rufe gwangwanin Ɗinya, ya buga murfin da gindin buroshi, ya rataya shi a hannu. "Ni na gama nawa aikin. Wannan zanen ba nawa ba ne, ban kuma saba gyara aikin wani ba."

Ya ɗauki sandarsa ya fita ta ƙofar baya. Mai Sawu ya bi shi da ido, sannan, bisa ga sabo, ya dubi ƙasa. Ƙafa, ja, ɗigon sanda, a jere har bakin titi.